Ƙarfen da Baba Ya Goge

"Don Allah kada ka faɗa masa..." in ji budurwar Dakta, ta riƙe hannun rigarsa a ƙofar falo.

Dakta ya dubi ɗan faifan ƙarfen nikel ɗin da ke tafin hannunsa. Sheƙi yake kamar madubi. Har sanƙon da ya fara yi masa sallama ya hango a ciki.

Wata takwas ya yi a ɗakin bincike yana tsattsaga fuskar ƙarfen nan da gangan, tsagar da ido ba ya gani sai na'ura. A cikinta ake fatan iskar haidirojin ta maƙale, ta haifar da zafi irin na nukiliya. Cikin faifai arba'in, wannan kaɗai ya nuna alamar ɗumi. Shi kuma, da wayonsa, ya ɗauko shi don ya burge mahaifinta, wanda ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba a ganin aikinsa ba.

Shekara arba'in tsohon ya yi yana sana'ar goge ƙarfe. Minti ashirin suka bar shi da faifan, ya goge shi tas.

"Wata takwas fa, zuciyata..."

"Na sani. Amma tun rasuwar Mama bai taɓa kayan aikinsa ba sai yau."

Baba ya fito yana share hannu da tsumma.

"Wanda ya sayar maka da shi ya cuce ka. Duk tsaga ne. Sun fi yawa a gefen hagu, a jere."

Gefen hagu... Sati uku na'ura ta yi kafin ta gaya wa Dakta haka.

"Da me ka gani, Baba?"

"Da yatsa mana. Ku da me kuke gani?"

Idanunta na roƙonsa. Dakta ya sunkuyar da kai.

"Baba, tsagar ita ce aikin. Ni na yi ta."

Tsumman ya tsaya cak. Tsohon ya zauna a hankali.

"Wata nawa?"

"Takwas."

"Kuma har yanzu Baba kake ce mini?"

"Ba ni da wani sunan da zan kira ka."

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Kawo wani gobe. Ba zan zuba ido mijin 'yata yana wata takwas a kan aikin kwana bakwai ba."

'Yar ta rufe baki da hannu, dariya da hawaye a haɗe.

Dakta ya sa faifan a aljihu. Har yau da shi yake duba sanƙonsa.