Batirin da Sadisu Ya Lasa

Ku matso kusa. Ke Jummai, ajiye kwanon nan, wannan labari ba a jin sa da abinci a baki.

Kun san Sadisu, abokina mai gyaran kwamfuta a bayan tasha. Gwani ne, ban hana shi ba, amma ƙazami ne a wurin aiki. Akwai wani ɗan batiri kamar kwabo a cikin kwamfuta, shi ke riƙe mata lokaci. Masu hankali da mita suke gwada shi. Sadisu kuwa da harshe. In ya ji ɗan tsami, sai ya ce yana da rai. Sau nawa na ce masa wanda ya ɗanɗani kayan mutanen ɓoye, bakinsa ya zama nasu. Dariya yake mini.

Wata ranar Laraba aka kira magariba, duk layin aka rufe aka tafi masallaci. Shi ya tsaya, wai zai ƙarasa aiki. Sai ga wani dogon mutum da kwamfutar tebur a cikin buhu. Buhun yana ɗiga. Bai yi sallama ba.

"Ta daina tunani," in ji shi.

Leɓensa bai motsa ba. Daga cikin buhun muryar ta fito. Sadisu ya ɗauka gajiya ce ta taɓa masa kunne.

Ya kwance murfin. Wari ya buge shi, irin na kwatar mayanka da tsakar rana. Fankar da ke sanyaya cikin ta naɗe da gashi, dogo, jiƙaƙƙe. Ya zare ram, ɗan siririn allon nan mai riƙe bayanai, wani abu mai yauƙi ya biyo shi kamar majina. Ya ɗaga fankar don ya duba firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Inda ake shafa ɗan farin man nan mai rage zafi, ruɓaɓɓen kitse ne, tsutsotsi na motsi a ciki. Ya taɓa firosesar, ya ji ɗumi. Kuma ba a jona wuta ba.

Wallahi da ni ne, ko takalmi ba zan tsaya nema ba. Shi kuwa girman kai ya hana shi, kada a ce kwamfuta ta gagari Sadisu.

"Malam, a ina kake ajiye ta?"

"Gida."

"Ina ne gidan?"

"Ƙasa. Duba batirin."

Shekara goma hannunsa ya saba. Kafin ya yi tunani ya ɓalle batirin ya kai harshe.

Ya ce mini ba tsami ya ji ba. Ɗanɗanon mushe ne da ya kwana uku a rana, ya cika masa baki har maƙogwaro. Ya durƙusa yana amai. A nan ƙasa ya ga ƙafafun mutumin, yatsun suna kallon baya.

"Yana da rai," in ji muryar. "Mun gode."

Da ya ɗago, babu mutum, babu buhu, babu kwamfuta. Sai jiƙaƙƙen teburi.

Tun daga ranar, duk abin da ya sa a baki wannan ɗanɗanon yake ji. Zuma, fura, har ruwan randa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Shekara huɗu ke nan, ya rame kamar kara. Bai taɓa faɗa wa matarsa Ladidi ba, kunya yake ji. Ita kuwa a tunaninta girkinta ne ya ƙi. Kullum sai ta sauya miya, ta tsuguna a gabansa tana kallon fuskarsa. Ya toshe numfashi ya haɗiye, ya ce, "Ya yi daɗi." Ta ga hawaye a idonsa, ta je ta rage barkono.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In an kira magariba, kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a layin bayan tasha. Abin da ba ku san gidan da ya fito ba kuma, kada ya kusanci bakinku.