Farantin Bayan Kabad

"Kaka! Kaka, kalli, haƙorina ya fita!"

Tsuntsuwa ce ta faɗo falo a guje, jakar makaranta na reto a bayanta, ta miƙo tafin hannu da ɗan haƙori a ciki kamar ƙwayar shinkafa. Kaka na zaune a kujerarta ta kusa da taga tana ninke wanki. Ta dubi haƙorin, ta dubi giɓin da ya bari a bakin jikar tata, ta ce, "Na gani. Je ki kuskure baki."

Yarinyar ta ɗan tsaya ko za a ƙara mata wani abu. Da ta ga babu ƙari sai ta dunƙule hannunta ta wuce ɗaki.

Wanda bai san Kaka a da ba zai rantse haka Allah ya halicce ta. Ina! A zamanin da take rainon 'ya'yanta biyar, duk layin babu gidan da ya kai nata hayaniya. Tana da wani ƙaton farantin ƙarfe da cokalinsa, kuma ba ta raina abin murna. Yaro ya fitar da haƙori? Ta ɗauko faranti. Ya fara tafiya, ya ci jarrabawa, zazzaɓi ya sake shi? Faranti! Har ranar da ɗanta na biyu ya daina fitsarin kwance sai da ta buga ta sanar, abin da har yau da furfurarsa bai yafe mata ba. Maƙwabciya takan leƙo ta katanga ta ce, "Yau kuma me aka samu?" Marigayi mijinta kuwa kullum cewa yake za ta kurumtar da shi kafin lokacinsa. Tsakiyar farantin har ya lotsa don shan duka.

A cikin 'ya'yan babu mai son farantin nan kamar Auta. Ita ce mai rawa, ita ce mai ƙirƙiro labarin daɗi na ƙarya don kawai a buga. Bayan ta girma ta yi aure, ranar da naƙuda ta kama ta, Kaka ta fito da faranti ta ɗora cokali a kai, ta bar shi a tsakiyar falo kafin su tafi asibiti. Da ta dawo, jaririya ce a hannunta, babu Auta.

Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Ta ɗauki farantin ta tura shi bayan kabad ɗin kicin, ta dawo ta dama wa jaririya madara. Wani abu ne ya mutu a ƙirjinta kamar an kashe makunnin fitila, kuma kusan shekara shida ke nan ba a kunna ba. Wanka, kitso, abinci, magani, babu abin da ta rage wa Tsuntsuwa. Amma yi take kamar mai aikin da aka ɗauka. Ba ta jin daɗi, ba ta jin zafi, ko gishirin miya ba ta ganewa sai an faɗa mata.

Baban Tsuntsuwa mai gyaran wutar lantarki ne, maraya, tun auren Auta ya riƙe Kaka uwa. Kullum ya tashi aiki sai ya biyo, sukundireba a aljihun riga, ya ga 'yarsa, ya gyara abin da bai lalace ba, ya tafi. Wata ranar da yamma ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya sunkuyar da kai.

"Umma, akwai maganar da nake so in kawo miki. Na je gyaran injin gashi a wani gidan burodi... akwai wata yarinya a wurin, ita ke yin kek."

Kaka ta ci gaba da ɗinke maɓallin da ke hannunta.

"Muna son juna, Umma. Amma ba zan ɗaga ƙafa ba sai da yardarki. Ita ma abin da ta ce ke nan, wai in ba ki sa albarka ba a bar maganar."

"Na ji," in ji Kaka.

Bai samu fiye da haka ba. Mai Kek ta fara zuwa gaisuwa, doguwa mai sanyin murya, kullum tana ƙamshin bota da sukari. Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta share kicin ba tare da an sa ta ba. Tsuntsuwa ta liƙe mata kamar cingam, Anti kaza, Anti kaza. Yaya Babba ce kawai, babbar 'yar Kaka, take taɓe baki. "Wannan ladabin ya yi yawa, Umma. Irinsu sai sun shigo ake ganin kalarsu."

Kowace shekara, idan ranar rasuwar Auta ta zagayo, 'ya'yan Kaka sukan taru. A sauke labule, a kashe talabijin, a yi mata addu'a, a yi magana ƙasa-ƙasa. Tsuntsuwa a ce ta je ɗaki ta yi wasa. Babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mata yau ce ranar haihuwarki. Shi kuwa uban, harshensa bai taɓa iya faɗa wa Mai Kek cewa ranar ɗaya ce ba. Ta san matarsa ta rasu yarinyar tana jaririya, iyakar saninta ke nan.

Tsuntsuwa ce ta raɗa mata. "Anti, ran Asabar ne bazde na, malamarmu ta faɗa. Amma ni ba a yi min."

Mai Kek ta ɗauka irin mantuwar maza ce da tsufan kaka. Ta yi dariya ta ce, "Bana za a yi. Amma sirri ne fa, okey?"

Ranar Asabar ta shigo ta ƙofar kicin da kwali a hannu. Ta nemi abin ɗora kek ba ta ga mai faɗi ba, sai Tsuntsuwa ta zura siririn hannunta bayan kabad ta jawo wani faranti da yanar gizo ta lulluɓe. Mai Kek ta wanke shi fes, ta ɗora kek, ta kunna kyandir, ta tura ƙofar falo da kafaɗa tana waƙa, yarinyar na biye da balan-balan tana tsalle.

Waƙar ta katse nan take. Falo cike da mutane, hannaye a sama ana tsakiyar addu'a.

"Inna lillahi!" Yaya Babba ta miƙe zumbur. "Kek? Yau? Ranar da muka rasa 'yar'uwarmu kika zaɓa ki zo ki yi mana biki? A kan farantin Auta?"

"Yaya, wallahi ban sani ba... don Allah..."

"Ƙarya kike! Murna kika zo yi ta mutu ta bar miki miji! Umma, ban faɗa miki ba?"

Baban Tsuntsuwa ya taso da sauri. "Laifina ne, Yaya, ni ne ban gaya mata ba!"

Kaka ba ta dubi kowa ba sai farantin. Ga lotsawar nan tana leƙowa ta gefen kek. Ta jira ta ji fushi, ko baƙin ciki, ko wani abu. Ba ta ji komai ba. Ta ce da muryar da take aiken sayen sabulu, "Ɗauke kek ɗinki, ki ajiye min farantina. Kada ki sake tako gidan nan."

Mai Kek ta ɗaga kek ɗin da hannayenta biyu, yana ɓarewa ta tsakanin yatsunta, hawaye na ɗiga a kai. Ta durƙusa a haka ta ce, "Ki yi haƙuri, Umma," ta fita. Kyandir ɗaya ya faɗi a kan kafet, wani ya taka ya kashe.

Daga ranar maganar aure ta tsaya cak. Yaya Babba ta gindaya wa Baban Tsuntsuwa sharaɗi: ko Mai Kek ko su. Ita kuma Mai Kek, da ya je yana cewa su yi aurensu kawai kowa ya gaji ya bari, sai ta girgiza kai. "A'a. Gidan nan ne gidan 'yarka, matar nan ce uwarka. Ba zan shigo rayuwarka ta ƙofar da za ta rufe maka tasu ba. Zan jira."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Kai dai ka gaida min ita kullum."

Kullum kuwa sai ya isar da gaisuwar, kullum Kaka ta ce, "Na ji." Uwar Mai Kek ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ga masu so a layi za ta zauna jiran tsohuwar da ta kore ta kamar kaza. Mai Kek ta yi kukanta a ɓoye, ta wanke fuska ta koma aiki. Watanni suka shuɗe. Baban Tsuntsuwa ya rame har sai da ya ƙara huji a bel ɗinsa. Kaka ta lura da wannan kamar yadda take lura da hadari ya haɗo, ta gani kawai.

Wata ranar hutu da hantsi tana yi wa Tsuntsuwa kitso a baranda. Ta juyo da kan yarinyar za ta tsaga gefe, sai ta ga giɓi biyu a bakinta maimakon ɗaya.

"Yaushe wannan ya fita?"

"Tuni. Na jefar a shara."

"Ba ki nuna min ba."

Tsuntsuwa ta ɗaga kafaɗa. "Ai ni ba a murna da ni, Kaka."

Hannun Kaka ya tsaya a cikin gashin.

"Na gane ai," yarinyar ta ci gaba, ba kuka ba shagwaɓa, kamar mai biya karatu. "Ni ce na zo Mama ta tafi. Anti Babba ta ce da can kina buga faranti kina rawa. Da ban zo ba da har yanzu kina yi. Sori, Kaka. Ban sani ba ne, da ban zo ba."

Muryar ce ta fi maganar tsorata Kaka. Muryarta ce sak, wannan busasshiyar muryar ta "na ji", a bakin yarinya 'yar shekara shida. A nan wani zafi ya soke ta a ƙirji, zafin gaske, irin na ƙafar da ta daɗe a sage jini ya fara dawowa. Tare da shi wata magana ta dawo, wadda ta binne tare da farantin. A cikin mota ne, hanyar asibiti, Auta na cije leɓe tana gumi amma tana dariya: "Umma, kin fito da farantin? Ko mace ko namiji, ki buga da ƙarfi yadda zan ji tun daga gadon asibiti!"

Kaka ta rungumo yarinyar da rabin kitso, ta fashe da kukan da ta riƙe shekara shida. Sai Tsuntsuwa ce ke bubbuga bayanta tana cewa, "Yi shiru, Kaka, yi shiru."

Washegari ta naɗe farantin a tsohon zane, ta kama hannun jikarta suka nufi gidan burodin. Zafi ya tarbe su tun daga ƙofa, injin kwaɓa fulawa na ruri, samari na jan tirori cike da burodi. A can kusurwa Mai Kek ta duƙufa tana zana fure a kan kek, fulawa har a gira. Tana ɗagowa ta saki abin hannunta, ta zube a ƙasa.

"Umma! Ki yafe min, wallahi tallahi ban san..."

"Tashi, 'yar nan, za ki ɓata kayanki." Kaka ta kamo ta da kanta. "Ni zan ce ki yafe min. Abu biyu aka yi a ranar nan, an mutu an kuma haihu. Mu duka da girmanmu mutuwar muka riƙe. Ke kaɗai kika tuna da wadda aka haifa, muka saka miki da kora."

Ta kwance zanen ta miƙa mata farantin. "Ki yi mana kek irin na ranar. Ki kawo da kanki, ta ƙofar gaba."

Da yamma Kaka ta sa aka kira kowa. Yaya Babba na ganin Mai Kek ta ɗaure fuska. "Umma, yanzu Auta za ki manta saboda..."

"Ke kika haife ta ko ni?" Kaka ta katse ta. "Saƙon Auta zan isar, na makara da shi. Zauna."

Aka yanka kek aka kwashe. Kaka ta goge farantin da gefen mayafinta, ta ɗaga cokali.

Ƙwal! "Wannan na zuwanki duniya ne, Tsuntsuwa. Uwarki ce ta ce in buga." Ƙwal! Ƙwal! "Wannan na ranar da kika fara rarrafe kika jawo min butar shayi. Wannan na tafiya. Wannan na ranar da kika ce Kaka. Ga na makaranta, ga na haƙoran nan biyu, har wanda kika jefar!"

Tana bugawa tana kuka tana dariya. Yarinyar ta tsaya baki buɗe, sai kuma ƙafafunta suka fara motsi, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yaya Babba ta toshe baki da mayafi, don rawar Auta ce ba ragi. Ta rarrafa ta kama hannun Mai Kek ta riƙe.

Kaka ta dubi surukinta da ke rakuɓe a bakin ƙofa yana share ido. "Kai kuma mai gyaran abin da bai lalace ba, matso." Ta buga da dukan ƙarfinta. "Wannan naku ne. Na yarda, na sa albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Haka haƙurin Mai Kek ya ba ta miji da 'ya da uwa a rana ɗaya, abin da gaggawa ba za ta taɓa ba ta ba. Mu kuma a kiyaye: kukan wanda ya tafi halal ne, amma kada ya cinye rabon wanda yake raye, musamman yaro, don yara suna jin shirunmu fiye da maganarmu.

Ana cikin haka sai ga maƙwabciyar nan ta katanga, ta tsufa har muryarta na rawa. "Ikon Allah! Yau kuma me aka samu?"

Kaka ta leƙa ta taga, cokali a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haihuwa aka yi! Mace ce!"