Kafin a Zuba Kankare

"Gobe, Lorna! Gobe ƙarfe takwas motar kankare za ta zo, shi ne sai yau kike gaya min?"

Lorna ta tsaya kan tsakuwar fandishon gidan da suke ginawa da hannunsu a bayan garin Yorkton, ita da Wendell da za ta aura. Fararen bututai sun leƙo daga ƙasa, na masai da na wanka, kowanne an toshe bakinsa. Mai duba gini ya riga ya sa hannu.

"Tsoro nake ji, Wendell..."

"Tsorona?"

"Tsoron wannan fuskar da ka yi."

Kwana takwas ke nan tana ɓoye maganar. Mahaifinta Orest ya samu shanyewar ɓarin jiki, asibiti kuma sun ce ba za su sallame shi ba sai zuwa gidan da keken guragu zai shiga banɗaki ya juya. In babu, sai gidan tsofaffi can a birnin Regina. Abin takaicin, Baba Orest ne ya zana musu banɗakunan gidan da kansa. Shekara arba'in yana aikin famfo, ga taurin kai, ya matse na ƙasan bene kamar akwati, wai ai na baƙi ne, baƙo kuwa ba a so ya ji daɗi ya zauna.

"Masoyina, a faɗaɗa ƙofar, a matsar da masai, a sauke wurin wanka ya zama babu tudu. Shi ke nan fa..."

"Shi ke nan? Sai na tone komai! Mai duba gini ba zai dawo ba sai bayan sati uku, lokacin ƙasa ta daskare. Wa zai zuba kankare a kan ƙanƙara? Sai watan Mayu!"

"Na sani."

"Wani hunturun a cikin tirelar nan da muka mayar ɗakin kwana? Bara ruwan shanmu daskarewa ya yi a kofi! Bikin fa? Ke kika rantse ba za a ɗaura ba sai da rufi a kanmu."

"In an zuba gobe, Baba ba zai taɓa kwana a gidan nan ba!" "Shi kaɗai ya raine ni, Wendell. Don Allah..."

Wendell ya juya mata baya yana kallon bututan da ya yi wata guda yana shimfiɗawa a durƙushe. Ta ja mota ta nufi asibiti, tana kuka kamar ranta zai fita.

Ta tarar Baba ya sa hannu a takardar gidan tsofaffi da hagunsa, rubutun duk a karkace.

"Kar... ki taɓa... bututun," ya faɗa da ƙyar, bakinsa a jirge. "Aiki... mai kyau ne. Yaron... kirki ne."

"Baba, ba za ka je ba!"

Ya kau da kai wajen taga. Tun da take, ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Washegari ta kama hanyar filin, ba don tana da sauran magana ba. Zoben baikon ta cire ta riƙe a tafin hannu. Tana son Wendell kamar me, amma ta san ba za ta iya taka daɓen da ya hana Baba shiga gidan kullum ba. A kwanar gonar alkama ta ci karo da motar kankare tana fitowa. An gama zubawa ke nan.

Sai dai da ta isa, babu kankare ko cokali ɗaya, ashe motar da kayanta ta koma. Tsakuwa a tone, bututai a zube gefe, shebur a kafe. A tsakiya ga Wendell zaune cikin keken guragun da ya aro a coci, yana ta juyawa tsakanin igiyoyin awo, gwiwarsa na bugun turke.

"Faɗin ƙafa biyar bai isa ba," ya ce, ko kallonta bai yi ba. "Tsohon nan dogo ne. Kira min shi."

Ta danna wayar, ta miƙa masa.

"Baba, Wendell ne. Na lalata aikinka kaf. Gangaren bututun wanka nawa zan ba shi?"

Can muryar Baba ta fito, a hankali.

"Kwatan... inci... duk ƙafa. Sakarai."

"To sai ka zo ka tsaya a kaina, don wallahi zan kwaɓa."

Lorna ta durƙusa kan tsakuwar ta kifa kai a cinyarsa, kuka da dariya a haɗe. Wendell ya buɗe tafin hannunta, ya ga zoben, ya mayar mata da shi a yatsa.

"Ki sayo bargo biyu, zuciyata," ya ce. "Hunturun bana zai yi tsawo."