Dokin Da Bai Shiga Tsere Ba

Ranar Juma'a da la'asar Auta ta buɗe jakarta a kan kujerar falo tana jera kaya, Umma na gefe tana ninke wanki. Ajin ƙarshe take a sashen likitancin dabbobi na kwaleji, kuma wata guda ke nan ita da ƙawayenta biyu suna shirya tafiyar wikend zuwa kallon sukuwar dawakai, a wani gari mai nisan awa huɗu a mota.

Yaya ya yi sallama ya shigo daga garejinsa, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba. Tun rasuwar Abbansu shi ne uba a gidan.

"Wannan jakar fa?"

"Sukuwa za mu je, Yaya. Na gaya wa Umma tun makon jiya."

"Sukuwa za ki je, ko wajen wancan yaron?"

Wancan yaron shi ne Mahayi. Haka kowa ke kiransa a kwaleji, don ranakun karatu yana aji, wikend kuma yana bisa doki. Sau biyu magabatansa na zuwa neman auren Auta, sau biyu Yaya na cewa a dakata.

"Duka biyun," in ji ta. "Gobe zai hau babban tsere, karo na farko a rayuwarsa."

Yaya ya jefa makulli kan tebur. "Na san filin nan fiye da ke. Abokina da muka buɗe gareji tare, can cacar dawakai ta cinye shi, har matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi. Mutanen sukuwa babu abin da ba za su yi ba don su zo na ɗaya. Ba zan ɗauki ƙanwata in miƙa musu ba."

Idon Auta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ban taɓa tsallake maganarka ba, Yaya. In ka ce kar in je, yanzu zan juye jakar. Sai dai ba zan ce maka na daina sonsa ba, don in na faɗa ƙarya na yi. Abu ɗaya nake roƙo — ka gan shi da idonka kafin ka yanke masa hukunci."

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta ta dubi Yaya. "Babana, kai za ka tuƙa su gobe. Ni hankalina ya kwanta, kai kuma ka ga abin da kake ƙi."

Bai yi wa Umma musu ba.

Da sassafe suka biya hostal suka ɗauki ƙawayen Auta: Gimbiya, wadda ta yi barci tun kafin su fita daga gari, da Lauya, ɗalibar shari'a wadda bakinta ba ya hutawa.

"Yaya, ko a kotu fa sai an ji ta bakin wanda ake tuhuma," in ji Lauya daga baya.

"Ke ba ke aka ce kin faɗi tes ba wancan satin?"

"Na ɗaukaka ƙara, Yaya."

Auta ta ga ya danne dariya ta madubi.

Filin ya cika maƙil, lasifika na kiran lambobin dawakai. Suka zagaya bayan rumfar 'yan kallo zuwa barga. Mahayi ya fito cikin rigar tsere, ya rusuna ya gaishe da Yaya. Yaya ya miƙa masa bakin yatsu kawai.

Dokin da zai hau baƙi ne wul, ana kiransa Akawal. Gimbiya da Lauya suka hau ɗaukar selfi, amma idon Auta na kan ƙafarsa ta gaba, wadda yake ɗagawa yana saukewa. Ta durƙusa ta shafa daga gwiwa zuwa kofato.

"Jijiyar nan ta kumbura, ga zafi kamar wuta."

"Na ji shi da safe," in ji Mahayi a hankali. "Na gaya wa mai dokin. Ga shi nan tafe."

Mai dokin ya iso da wani mutum riƙe da allura. "A yi masa wannan, minti ashirin ya manta da ciwon."

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, "allurar ɓoye ciwon za ta yi, ba warkarwa ba. In ya yi gudu jijiyar na iya tsinkewa, kuma dokin da ya faɗi haka da wuya ya ƙara tashi."

"Wace ce wannan kuma? 'Yar makaranta ce za ta koya mini dokina?" Ya juya ga Mahayi. "Shekara uku kana roƙona wannan tseren. Ka hau, ko ka ɗauki sirdinka ka bar mini barga yau."

Mahayi ya dubi Yaya, wanda ya harɗe hannu a ƙirji yana kallo. Makonni ya yi yana mafarkin ya ɗaga kofi a gaban mutumin nan, ya nuna masa cewa shi ma yana da sana'ar da za ta riƙe gida. Ya juyo ga mai dokin.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Tun yana ɗan ƙarami nake ba shi abinci da hannuna. Ba zan hau shi ba, kuma zan je in gaya wa likitan fili, don kar wani ma ya hau."

Ya tafi, mai dokin na ɗura masa zagi a baya. Kafin rabin awa lasifika ta sanar da cewa an cire Akawal daga tsere.

A rumfar 'yan kallo suka zauna, Mahayi da sirdinsa a cinya. Wasu da suka zuba caca a kan Akawal suka gane shi, ɗaya ya yi ihu, "Matsoraci!" Bai ɗaga kai ba. Dawakai goma sha ɗaya suka wuce ta gabansu kamar iska, ƙasa na girgiza, wani daban ya ɗauki kofin. Auta ta ja gyale ta rufe fuska tana kuka, Gimbiya ta riƙe mata hannu.

Da aka watse, Mahayi ya yi musu sallama zai nemi tasha, don a motar mai dokin ya zo.

"Buɗe but ɗin motar ka sa sirdin," in ji Yaya. "Ka shigo gaba."

Suka kama hanya, sun yi nisa. Can Yaya ya ce, "Ka san yanzu ba ka da aiki?"

"Na sani, Yaya."

"To da me za ka riƙe ƙanwata?"

"Yau ba ni da amsa. Amma zan nemo ta in kawo maka, kuma ba zan kawo maka ta ƙarya ba."

Yaya bai ce ya yarda ba, ranar ko washegari. Wata takwas aka yi a haka. Ƙawaye suka ba Auta shawarar ta yi yajin cin abinci a gida, ta ce ba ta yi. Ta duƙufa kan karatu ta gama jarrabawa, tana gaishe da Yaya kullum safiya kamar da. Sau ɗaya ya kawo mata maganar wani ɗan kasuwa, ta ce, "Na gode, Yaya, amma ina nan inda ka bar ni." Shi kuwa Mahayi ya yi ta sharar barga a asibitin dabbobi na kwaleji, har likitan filin nan, wanda bai manta da shi ba, ya haɗa shi da wata gonar kiwon dawakai da ke neman mai horarwa.

Ran da Mahayi ya kawo takardar ɗaukar aikin zuwa gareji, Yaya ya goge hannu ya karanta ta sau biyu. Da yamma ya samu Umma a falo.

"Umma, a gaya wa magabatan Mahayi su dawo. Na ƙi yaron ne saboda laifin wasu. Abin da ya bari ran nan, ni kaina ban san ko zan iya barinsa ba."

Auta na bayan labule tana ji. Ta fito ta durƙusa gabansa tana hawaye. Ya dafa kanta ya ce, "Tashi, likita. Kin fi ni haƙuri."

An ɗaura auren bayan wata biyu, Yaya ne ya tsaya waliyyi. Auta ba ta bijire wa yayanta ba, ba ta kuma saki wanda ta san halinsa ba, ta jira har gaskiya ta bayyana da kanta. Wanda duk zai zaɓi abokin zama, ya dubi abin da mutum ke yi ran da gaskiya za ta jawo masa hasara, kuma iyaye su gani da idonsu kafin su ce a'a.