Fitilar Zauren Mani

Shekarar da gyaɗa ta yi daraja, Mani, wani manomi a bayan Minjibir, ya sayo fitilar ƙwai a kantin Turawa. Ya rataye ta a zaurensa don su riƙa dara bayan lisha.

Ran nan abokan wasansa ba su zo ba. Yana zaune shi kaɗai sai ya ji sallama, muryar kamar daga cikin rijiya. Wani dogon mutum ya shigo, ya tsuguna gaban ramukan dara.

"Maigida, rage fitilar nan, mu taɓa."

Mani ya rage, suka fara. Duk sanda baƙon ya ci masa ɗa, sai Mani ya ji sanyi ya kama masa wata gaɓa. Ƙafafunsa suka mutu, sannan hannun hagu.

"Malam, daga wane gari?"

"Yi wasanka. Saura kaɗan."

Mani ya miƙa hannun da ya rage masa, ya murɗa lagwani sama. Haske ya cika zauren. Ya dubi bango. Inuwa ɗaya ce kawai a jikin bangon, kuma ba tasa ba ce.