Sunan da Yelwa Ta Ajiye

Yelwa ta binne mijinta ranar Talata a gindin tsamiyar da ke bayan ɗakin magani, ta dawo gida ta zauna.

Baturiya ce. A Ingila Edith aka raɗa mata. Tana da shekara ashirin da huɗu ta biyo mijinta, ɗan mishan, zuwa wata 'yar unguwa a gefen Gwangwan, ƙasar Rogo. Shekarar da ta zo gero ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka, sai matan unguwa suka sa mata Yelwa. Yau shekara arba'in da biyar ke nan.

Mijin yana wa'azi a ƙauyukan Maguzawa. In ya dawo ya wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi ga duk wanda ya zo, ba ya tambayar addinin kowa. Likita ake ce masa.

Saude ce ta koya mata zama. Bafulatana ce, darni ɗaya ya raba gidajensu. Ita ta koya mata tuƙa tuwo da ɗaurin zane da gaisuwa a durƙushe. Wata rana ta ji Yelwa ta ƙwala wa mijinta kira daga bakin rijiya, da sunansa gatsal.

"Wa kike kira haka? Ɗan akuya?"

"Mijina."

"Mijinki? Sunan miji ba tsakuwa ba ce da za ki wurga a tsakar gida. Ajiye shi ake yi."

"A ina?"

Saude ta dafa ƙirjinta.

Da wasa Yelwa ta fara. Ranar da ta ce masa "Maigida" ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Wasa ya zama ɗabi'a, ɗabi'a ta zama kunya ta gaske. Yakan ja gefen ɗankwalinta ya ce, "Yelwata, kin ɓoye mini suna. Kar dai ki manta inda kika sa shi."

"Yana nan, masoyina. Ko gara ba ta isa wurin ba."

Bara hankalinsa ya fara gushewa. Hausa ta riƙa zubewa daga bakinsa kamar hatsi daga hujajjen buhu, har ya rage sai Turancin yarinta. Ranar da zai rasu, ana kiran azahar a masallacin unguwa, ya kama hannunta.

"Wace ce ke?"

"Matarka ce."

"Ni fa? Wane ne ni? Faɗa mini sunana..."

Ta buɗe baki. Saude na zaune a bakin ƙofa tare da mata biyu da suka zo dubiya. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Ƙofar da ta shekara arba'in a rufe ba ta buɗuwa da turi ɗaya.

"Kai ne Maigida," ta ce.

Ya dube ta kamar baƙuwa. Ta ce a ranta, bari matan nan su fita. Kafin su gama yin sallama ya cika.

Kwana uku da binne shi tana ɓarar gyaɗa a inuwar mangwaro. Bazara ce, ko ganye ba ya motsi. Ladan ya ɗaga murya. Daga cikin ɗakin magani, wanda ta garƙame da kwaɗo da hannunta, ta ji tari. Gajeren tarin nan nasa, sau biyu. Sannan muryar, da Turanci, a hankali.

"Wane ne ni?"

Ba ta gudu ba. Ta ajiye tasa, ta zauna har ladan ya gama. Washegari ma haka. Kullum haka, da azahar, sau ɗaya, ba ƙari.

Saude kaɗai ta gaya wa.

"Matacce ba ya dawowa, Yelwa. Ki yi addu'a irin taku."

"Ke ba kya ji?"

"Ban ji komai ba." Saude ta rage murya. "Amma shanunmu sun daina bin bayan ɗakin. Sai su kewaye ta gonar rake."

Ranar da aka cika kwana arba'in 'yarta Judith ta iso daga Ingila. Ita kaɗai suka haifa. A unguwar ta tashi har shekara goma, Hausarta ba ta goge ba. Tana ɗauke da ciki wata biyar, na fari, bayan shekara goma sha biyu tana jira. Ta kwana biyu tana haɗa kayan uwarta. A rana ta uku motar haya ta zo daga Kano ta tsaya a ƙofar gida. Rana ta kusa tsakiya.

Yelwa na zaune a gindin mangwaro, ba takalmi a ƙafarta.

"Mama, direba na jira. Jirgi gobe ne da safe."

"Na ji."

"To ki tashi mana."

"A bari a yi azahar."

"Yaushe kika fara sallah ban sani ba?"

Saude, da ta zo sallama da ƙwaryar nono, ta yi tsaki.

"Gaya mata, Yelwa. In ba ki gaya mata ba ni zan gaya mata. Na tsufa da riƙe wa mutane zance."

Yelwa ta gaya mata, a taƙaice, tana kallon ƙasa. Judith ta zauna a kan turmi, ta riƙe hannunta.

"Mama, kaɗaici ne. Likitoci sun san wannan. Kin shekara kina jinyarsa, ba barci, ba abinci..."

"Ƙila."

"Ki zo mu tafi. Na gyara miki ɗaki, tagarsa na kallon lambu. An ce haihuwata za ta zo da wuya, shekaruna sun ja. Wa zai riƙe ni? Wa zai yi wa jikanki wanka?"

Yelwa ta ɗora tafin hannunta a kan cikin. Abin ya motsa. Idonta ya cika.

"Maganin a bakinta yake, 'yar nan," in ji Saude. "Bawan Allah ya tambayi abu ɗaya ba a ba shi ba. Ta je bakin ƙofar ta kira sunansa sau ɗaya, ta sallame shi. Shi ya huta, ita ta shiga mota."

"Ke kika ce a ajiye."

"Na ce a ajiye, ban ce a tafi da shi kabari ba. Ni na ɗaura, yau na kwance. Zan toshe kunnena in kunyata kike ji."

"Ba kunya ba ce yanzu."

"To mene ne?"

Yelwa ta dubi ɗakin magani. Kwaɗon na ƙyalli a rana.

"In na amsa masa zai daina tambaya."

Direba ya danna ham daga waje.

"Kalma uku ce ta rage mini a duniya daga bakinsa," ta ce. "Kullum ina tashi don su. In share gida, in ɗora tukunya, in zo nan in zauna. Ku ce in rufe masa baki da hannuna?"

Judith ta miƙe.

"To ni zan faɗa. Ai ubana ne, na san sunansa."

Ta juya ta nufi ɗakin. Yelwa, da sai da sanda take tashi, ta zabura, ta cim mata, ta rufe mata baki da tafin hannu.

"Ba ke ya tambaya ba."

Judith ta cire hannun, ta fashe da kuka.

"Haka kike! Ni ma ba ki taɓa kiran sunana ba, wai kunyar 'yar fari. 'Yarinya, zo.' 'Yarinya, tafi.' A makarantar kwana uwar kowa na kiran sunan ɗanta a waya, ni sai 'Kina lafiya?' Kin ɗauki al'adar mutane kin fi su riƙewa. Ya mutu yana roƙon ki, Mama... yanzu ni nake roƙon ki."

Yelwa ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu. Ta daɗe tana motsa leɓe kamar mai koyon magana.

"Judith," ta ce. Sunan ya fito a karkace, da harshen Hausa. "Judith, 'yata, hasken idona. Ki yafe mini."

Judith ta kifa kai a kafaɗarta. Saude ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

"Kin ga ba wuya," in ji Judith cikin kuka. "Saura ɗaya. Ki faɗa mu tafi."

Ladan ya ɗaga murya.

Kajin da ke tono a bakin ɗakin magani suka watse a lokaci ɗaya. Judith ta ɗago kai. Bayanta na ga ƙofar, ba ta waiwaya ba, amma yatsunta suka nutse a damtsen uwarta. Fuskarta ta yi fari fat.

"Mama... wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Yana ɗaure a zanena."

Suka tsaya su uku a rana, ba mai motsi. Yelwa ta karkata kai, tana saurare da ɗan murmushi, irin na macen da ta ji takun mijinta a zaure.

"Ki amsa masa," Judith ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Don Allah, Mama. Yana wahala. Ki faɗi sunansa."

Yelwa ta zare hannunta a hankali. Ta koma gindin mangwaro ta zauna, ta jawo tasar gyaɗa gabanta.

"Ba zan faɗa ba."