Lodin da Bai Sauka Ba

Da la'asar Babakura ya shigo gidansa na unguwar Jiddari Polo a Maiduguri da aksil a kan baro. Aksil shi ne dogon ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, kuma na tsohuwar motarsa ya tsage. A shekarun nan na rikici, in dokar hana fita ta kama bayan isha, ko akuya ba ta leƙa titi. Ga matarsa Kaltum cikinta ya shiga watansa, tun safe take cije leɓe. Dole motar nan ta tashi yau.

Wajen 'yan gwangwan ya samo shi. Mai shagon ya ce daga wata mota aka kwance shi, wadda aka janyo daga hanyar Konduga. Babakura bai tambayi abin da ya tsayar da ita a can ba. A lokacin ba a irin wannan tambayar.

Ya ɗaga motar a jak, ya tokare ta da bulo, ya cire tayoyi da bututun burki, ya sauke tsohon. Da ya jawo wanda ya sayo sai wari ya buge shi. Ba warin giris ba ne. Wari ne mai maiƙo, irin na mushen da ya kwana biyu a rana. Ya zura sukundireba cikin kwarmin ƙarfen, baƙin ruwa ya zubo, tsutsa na iyo a ciki. Bayansa guntun kitso ya biyo, da zarensa a jiki.

Ya yi amai har ya ga bayan abincin rana. Wallahi mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa ya wanke da fetur, ya toshe hanci, ya ɗaure notuka.

Ana kiran magariba ya sauke jak.

Motar ta zauna. Ta ƙara zama. Babu kowa a ciki, amma bayanta ya lotsa har tayoyi suka manne da bodi. Ya kunna ta, ya ba ta wuta. Ta yi gurnani, ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Gilashin baya ya yi gumi daga ciki. Ƙudaje suka yi masa baƙi.

Wani abu mai laima ya taɓa masa ƙeya.

"Direba," wata tsohuwar murya ta raɗa masa, numfashinta kamar kwata. "Mun iso Maiduguri?"

Ya faɗo waje da rarrafe.

Daga ɗaki Kaltum ta yi ƙara. "Malam! Faya ta fashe!" Sai ta saurara, tana nishi. "Muryar wa nake ji? 'Yan gudun hijira ne? Haba, Malam, ka ce su shigo mana."

Haka garin yake a lokacin. Ba gidan da ke mayar da wanda ya gudo.

Babakura ya dubi ƙofar ɗaki. Ya dubi motar da ba za ta motsa da wannan lodin ba. Ya san sarai abin da zai faɗa, kuma ya tsani bakinsa.

"Kun iso," ya ce. "Lale. Ku sauka."

Ƙofa ba ta buɗe ba. Motar dai ta ɗaga kaɗan. Ta ƙara ɗagawa. Sawu jiƙaƙƙu suka riƙa fitowa a kan yashi, manya da ƙanana, suka nufi rumfar tsakar gida.

Ya sungumi Kaltum ya sa ta a kujerar gaba, ya ja mota ba waiwaye. Sun kai asibiti kafin a rufe hanya, ta haifi 'ya mace lafiya lau.

Gidan ne da suka koma ya ƙi zaunuwa. Tuwon da aka tuƙa a can kafin ya huce ya yi yami, turaren wutar Kaltum kuma ko gezau bai sa warin ya yi ba. Malamai sun zo za su yi karatun kora, ita ta hana.

"Daga ina za a kore su, su je ina?" ta ce. "Mu muka ce su shigo."